Mai Juye da Mai Wankin Hula

Duk gidan da ake tara wanki a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, akwai abu ɗaya da ba ya shiga ƙunshi. Riguna su shiga, wanduna su shiga, zannuwan gado da kayan makarantar yara duk a ɗaure su wuri guda a miƙa wa mai wanki, amma hular maigida tana can rataye a ƙusa. Ko yaron da ake aika ya san da haka. Ranar da ta yi dauɗa, gumi ya zana mata baƙin layi a baki, akwai wanda ake kai wa ita, kuma sana'arsa daban ce.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai wankin hula ya ga dalili. Ba ya jiƙa ta a baho tare da sauran kaya, ba ya murza ta, ba ya matse ta. Zai fara duba girmanta, 22 ce, ko 22 da rabi, ko 23, sannan ya zaɓo daga cikin gumaguman iccen da ya jera wanda aka sassaƙa daidai wannan kan. Ya kifa ta a kai, ya bi ta da buroshi sannu a hankali yana bin kwanciyar zare, ya fi ba bakin ƙarfi inda gumi da man kai suka taru. Ya ɗauraye, ya shafa sitati daidai gwargwado, ya kai ta rana tana kan iccenta har ta bushe ta tsaya kyam. In ya kuskure ya ɗora ta kan iccen da ya fi ta girma, ta buɗe ke nan, gobe sai ta sauko wa mai ita har kunne. In sabulu ya yi kaifi zare ya zuba, ja ya shiga fari, hular da aka yi makonni ana ɗinkawa da allura a Maiduguri ko Bama ta tashi daga ta zuwa Idi ta koma ta zuwa gona.

Babu wanda ya zargi mai wankin riguna da komai. Ya iya aikinsa, hannunsa na da sauri, kafin la'asar ya wanke ya shanya ya goge tulin kaya. Saurin nan daga abu ɗaya ya samo shi: komai hanya ɗaya yake bi da shi, ruwa ɗaya, omo ɗaya, murza ɗaya. Yadi na jure wa haka, hular Zanna ba ta jurewa.

Na kawo wannan ne saboda wani abu da ke damuna a yadda muke yi da motoci. Mutumin da ba zai yarda hularsa ta 'yan dubbai ta shiga baho ba, shi ne zai tsaya da motar miliyoyi a rumfar farko da ya hango galan a rataye, ya ce a yi mata juye, ya wuce teburin mai shayi.

Gaskiya ne motar tsere ta ainihi, mai ƙofa biyu da cikinta ke kusan shafar ƙasa, baƙuwa ce a yammacin Zamfara. Hanyar da ta taso daga Mayanci ta bi ta Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi ba don irinta aka yi ta ba, balle wadda ke ratsewa ta Nasarawar Burkullu zuwa Bukkuyum. Amma 'yan uwanta na zuwa. Da Sallah, ko in ana bikin ɗan wani babba, 'ya'yan gari mazauna Abuja da Kaduna da Sakkwato kan iso da Marsandi C300, da BMW, da Lexus, samari su kewaye suna leƙen gilashi. Irinsu ne ake wasan mota da su a manyan birane, ana juya su a fili taya na hayaƙi. Sun sha doguwar tafiya, wata ma tun a hanya allonta ya nuna lokacin sabis ya yi, mai ita kuma yana so ya koma hankali kwance. Sai tambaya ta taso: a ba mai juyen bakin tasha, ko a haƙura har a koma birni?

Mu fara yi wa mai juye adalci, don ya cancanta. Wurinsa rumfar kwano ce ko inuwar dogon yaro kusa da tasha ko gidan mai, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin ta daskare. Kayan aikinsa ba su wuce sifana uku ko huɗu ba, da yankakkiyar jarkar tarar tsohon mai, da mazurarin da aka yanko daga gorar ruwa, da kwalin da yaronsa ke kwanciya a kai. Golf ta tsaya, ko Sharon, ko tsohuwar 406. Yaro ya zura ƙarƙashi da baya, ya kwance noti, mai ya tsiyayo baƙi wuluk. Kafin ya gama ɗiga an murɗe filta da sarƙa ko tsohon bel, an shafa wa robar sabuwa ɗan mai da yatsa an ɗaura. A mayar da noti, a juye galan ɗaya na 20W-50, a ta da mota, a leƙa ƙasa, direba ya biya ya koma lodi. Duka bai wuce rubu'in awa ba.

Aikin nan daidai ne, kuma shi ke riƙe da zirga-zirgar yankin. Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera ta. Injinta ya ci kilomita dubu ɗari sau da yawa, ƙarafansa sun sassauta, mai kauri shi ke cike gurbin ya rage hayaƙi, kuma abin da take sha bai wuce lita 4 ba, daidai galan. Motocin da ke kai gero da wake da shinkafar fadama kasuwa, da babura, da injinan ban-ruwa, duk a hannun mutanen nan suke rayuwa. Wanda ya shekara goma ƙarƙashin irin waɗannan injuna ya san su ciki da bai. Abin da ke akwai, ya saba da yadi. Ranar da aka miƙo masa hula, hannunsa zai yi abin da ya saba kafin kansa ya yi tambaya.

A kan man kansa ake fara saɓawa. Miƙa masa galan ɗin 0W-40 ko 5W-30, ya buɗe ya ɗiga a yatsa ya murza, za ka ji ya ce: "Ranka shi daɗe, wanga ai ruwa na. Na ƙasar sanyi na. Zahin garin ga sai mai kauri, shi mu ka zuba ma kowa." Da zuciya ɗaya yake faɗa, kuma maganar na da ƙamshin gaskiya ga wanda ya san yadda Gummi ke yi cikin Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Sai dai abin da yatsa ya ji a inuwa daban yake da abin da ke faruwa cikin inji. Lambar farko, wadda ke gaban W, tana faɗar yadda man ke gudu in inji ya kwana ya huce. Ta biyu ita ke faɗar kaurinsa bayan ya ɗau zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. Ke nan 0W-40 ɗin da ya raina, in inji ya yi zafi, ajinsa ɗaya a kauri da 15W-40 da ake zuba wa manyan motoci. Inda suka bambanta shi ne da asubar hunturu, a 'yan daƙiƙun farko bayan an murɗa makulli, wanne zai riga isa saman inji, domin a lokacin ne ƙarfe ke gogar ƙarfe ba wadataccen mai a tsakani. Shi kuma inji mai lafiya, ruwansa wajen digiri 90 yake zama, ko a Anka ko a Jamus, in dai ba a cire masa abin da ke daidaita zafin ba, wanda makanikanmu da yawa ke zarewa su jefar, kuma kuskure ne.

Sababbin injuna aiki suke sa mai, bayan shafar ƙarafa. Tsarin da Toyota ke kira VVT-i, wanda ta fara sawa tun tsakiyar shekarun 1990, da takwarorinsa na Honda da BMW da Marsandi, da ƙarfin turin mai suke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta wasu matsattsun hanyoyi masu siririyar rariya a baki. Man da ba shi da inganci na barin daskararren datti ya toshe rariyar. Sai mota ta fara kaɗa ƙarfe da safe, fitilar inji ta kama, shan fetur ya ƙaru. In mai turbo ce abin ya fi haka, don sandar turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya cikin zafin hayaƙin inji, siririn man da ke kewaye da ita shi kaɗai ke raba ta da ƙonewa.

Toyota tana da haƙuri. A littafin da take ba ƙasashe masu zafi ta yarda da man da ya fi wanda take rubuta wa Amurka kauri, shi ya sa Corolla da Camry ke ɗaukar abubuwa da yawa su ci gaba da tafiya. Marsandi da BMW ba su da wannan haƙurin. Marsandi ba ta tsaya ga lambar kauri ba, tana da tata lambar amincewa, 229.5 ga yawancin masu shan fetur da ke yawo a hanyoyinmu, BMW kuma Longlife-01. Galan da babu wannan a bayansa iccen wata hular ne, ko da sunan kamfanin da ke gabansa babba ne. Akwai kuma haruffan API da ke nuna zamanin mai: SL ta 2001, SN ta 2010, SP ta 2020. Da yawa daga galan da ke rataye a rumfunanmu SL ne ko abin da bai kai ba, sun dace da zamanin motocin da ake zuba wa su.

Sai awo. Mai juye ya saba da galan ɗaya, mota ɗaya. Camry ta 2012 mai inji 2.5 lita 4.4 take sha, galan mai lita 4 bai cika ta ba. C300 mai silinda 6 ta shekarun 2008 zuwa 2012 lita 7 zuwa 8 ce, gwargwadon ko da ƙafa huɗu take ja ko da biyu. Ƙaranci illa ne, yawa ma illa ne: in mai ya haura, sandar inji na dukansa ya koma kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. BMW masu silinda 6 da yawa daga 2006 ba su da geji kwata-kwata. A allon gaban direba ake karanta mai, bayan inji ya yi zafi, mota na tsaye a wuri mai daidai. Yaron da ya ɗaga bonet ya lalubi geji bai samu ba, ƙiyasi zai yi. Can ƙarshen layi akwai irin Porsche 911 ta da, mai sanyaya inji da iska, wadda aka daina a 1998: manta a tanki daban yake, noti biyu ake kwancewa, kuma inji na aiki ake auna shi. Wanda ya auna ta a kashe zai ga kamar babu mai, ya yi ta ƙarawa.

Amma abin da na fi tsoro hannu ne, kuma a nan nake so mai mota ya durƙusa ya leƙa da idonsa. Kaskon mai na ƙasan injin Marsandi da Honda da wasu da dama na alminiyam ne, notin da ke toshe shi kuwa ƙarfe ne. Alminiyam mai taushi ne. Kamfani ya rubuta iyakar ƙarfin da za a ɗaure notin da shi, a Camry 40 Nm ne, abin da hannu ɗaya ke yi da gajeriyar sifana ba tare da nishi ba. Yaron mai juye kuwa an koya masa noti ba ya ɗauruwa sai ya ƙi motsi. Za ka gan shi ya zura faif a bakin sifana don ta ƙara tsawo, ya dafe ƙafa a taya, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Tsoron yoyo ne ya sa shi, niyyarsa mai kyau ce. Ranar ba abin da zai faru. Juye na biyu ko na uku ne noti zai fito da ɗan garin alminiyam a jikinsa, ya riƙa juyawa ba ya kamawa. Daga nan sai dabara: a naɗa masa zare ko farin tef, a shafa gam, a cusa. Ga kuma 'yar washar jan ƙarfe ko alminiyam da ke wuyan notin, wadda aikinta ta murƙushe sau ɗaya ta toshe. Kowane juye sabuwa ake sawa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma rumfuna kaɗan ke ajiye ta, kuma rashin sabuwar ne ke jawo ɗigon da ke sa a ƙara jan noti.

Filta ma haka. Ta Golf gwangwani ce, a murɗe a jefar. Ta Marsandi da BMW a saman inji take, cikin wani gida mai murfin roba, takardar ciki kaɗai ake sauyawa tare da zobban roba da ke zuwa cikin kwalinta. A jikin murfin an rubuta 25 Nm ɓaro-ɓaro. Akwai kofin da aka yi don kwance shi. Wanda ba shi da kofin zai kama da filaya ko ya buga da kurfi da guduma, murfi ya yi tsagar da ido ba ya gani, sai inji ya yi zafi a kan hanya ta buɗe. In an bar tsohon zobe, ko an sa sabo a gurbin da ba nasa ba, sakamakon ɗaya ne. Motar da ke ƙasa-ƙasa kuma ba a shiga ƙarƙashinta sai an ɗaga, tana da wurare huɗu da aka tanada don jak, wanda ya kafa a wani wuri zai lanƙwasa gefenta ko ya danne bututun burki. Faifan robar da ke rufe ƙasan inji sai an kwance shi, kuma sau da yawa in maɓallansa suka karye sai a jingine shi a bango a ce ba shi da amfani, alhali a hanya mai ƙura da tsakuwa irin tamu amfaninsa ya fi na ko'ina. Akwai kuma kuskuren da ya fi duka muni, ya faru a ƙasashe da yawa: a wasu motoci notin giya na kusa da na inji, a tsiyaye man giya, a zuba sabon baƙin mai kan tsoho. Inji ya cika ya haura, giya ta bushe.

A ce hannu ya yi daidai, saura abin da ke cikin galan. Baƙin mai haɗi ne: ɗanyen mai, da sinadaran da ke wanke inji su hana tsatsa da gogayya, waɗanda kan kai kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Hukumar SON ta daɗe tana gargaɗi kan masu sayar da ɗanyen zalla, ko gauraye, cikin galan mai sunan kamfani, ta kuma sha kama irin kayan. A ido ba a bambanta su. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mai na gaske ya yi sama, kasuwar jabu ta ƙara buɗewa. Mai juye kansa sau da yawa bai san abin da aka sayar masa ba. Kamfanoni na gaske suna nan, TotalEnergies, Mobil, Conoil, da Ammasco na Kano, amma sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya. Shi ya sa nake ganin gara a sayi mai a gidan man kamfani ko wurin dilan da aka sani a Gusau ko Sakkwato ko Kano, a zo da shi a but. In an juye kuma a huda galan da wuƙa kafin a bar shi, don galan mai kyau da murfinsa shi ake tarawa a sake cikawa. Filta ma aji-aji ce a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kwali ɗaya, takardar ciki daban.

Tun da an zo nan, bari in ce wani abu kan tsohon man da ake tara a jarka. Muna shafa shi a katako saboda gara, ana shafa wa dabbobi masu ƙazwa, har akwai masu ɗiga shi a rauni. Man da ya fito daga inji ɗauke yake da ɓarɓashin ƙarafa, har da dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma, bayan abin da ya faru a 2010 a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, inda ƙurar niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Adadin da ke cikin baƙin mai bai kama ƙafar wancan ba, amma yaron da ke wuni hannunsa a ciki ya ci abinci bai wanke da sabulu ba, ɗanmu ne, kuma maigidansa ne ya kamata ya tsawata.

Kada kuma a ɗauka kyan gini shi ne magani. A Amurka juyen gaggawa babbar sana'a ce. Kamfanin Jiffy Lube, wanda shagonsa na farko ya buɗe a jihar Utah a 1971, yana da rassa wajen 2,000, da rami na siminti da ma'aikata cikin yunifom da rasit na kwamfuta. Duk da haka a 2006 gidan talabijin na KNBC da ke Los Angeles ya ɓoye kyamara a mota ya zagaya rassa 9, a 5 aka karɓi kuɗin aikin da ba a yi ba. Masu motocin tsere a can su ma muhawarar da suke yi ke nan, kuma da yawansu ko dai su yi juye da hannunsu ko su kai wa makanike ɗaya da ya san irin motar. Garejin Abuja mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki na iya sa sabon yaro ya yi maka abin da na bakin tasha zai yi, sai dai a can ba za a bar ka ka leƙa ba. Mai juyen Gummi a gabanka yake komai, kuma wannan babbar dama ce ga mai motar da ya san abin da yake kallo.

Akwai inda hula da mota suka rabu. Ɓarnar hula a take ake ganinta, ka karɓa ka sa ka ji ta yi maka yawa, ka koma ku yi magana. Ɓarnar juye ɓoyayya ce, tana jiran inji ya yi zafi, ana gudu, an yi nisa da gari. Kowa a yankin nan ya san abin da ake nufi da mota ta mutu da yamma a dajin da ke tsakanin Anka da Ɗaki Takwas, a shekarun nan na 'yan bindiga, ga iyali a ciki. Lissafin ya wuce na kuɗin inji. Sannan hula na iya jira. In babu mai wankinta a kusa sai a rataye ta a sa wata. Mai ba ya jira. Toyota a Amurka tana cewa a sauya 0W-20 bayan kilomita 16,000, amma in ana bin hanya mai ƙura ta rage zuwa 8,000. Mu kuwa ƙura ce gidanmu daga Nuwamba zuwa Maris, ga tsayuwa da inji a kunne saboda sanyin mota, ga fetur ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wanda ya ce sai ya koma Abuja alhali mansa ya wuce lokaci da nisa, shi ma ɓarna yake yi, ta wata ƙofar. Filtar iska ma a duba ta, kuma kada a kai wa mai faci ya hura ta da ƙarfin injinsa, takardar na yagewa ƙura ta wuce kai tsaye.

To me nake gani? Motar da ba ta da geji, ko mai tankin mai daban, ko wadda ke ƙasa sosai, a yi mata juye kafin a taso, wurin wanda ya saba da ita, a riƙo lita ɗaya ta ƙari a but. Wannan ba a kai ta rumfa. Amma C300 da Lexus da Camry da Hilux ana iya yi musu juye lafiya lau a Gummi ko Anka, in mai motar ya ɗauki nasa nauyin. Ya san lambar mansa, ya san lita nawa, ya zo da mai da filta da washa, ya tsaya har a gama. Littafin motar yana aljihun gaban mai zaman banza, in tokumbo ce ta zo babu shi ana samunsa a waya. Abin takaici ne mutum ya san lambar hularsa bai san ta man motarsa ba. Mai motar ya ga an kwance notin da ya dace, ya ga kalar abin da ya zubo, ya hana a sa faif. Bayan an ta da inji a bar shi ya ɗan yi aiki, a kashe, a jira minti biyar a sake aunawa, washegari da safe kuma a duba ƙasan inda ta kwana kafin a hau hanya.

Wajen zaɓen mutum kuma, ni tambaya ɗaya nake ganin ta isa: "Malam, ka taɓa yi wa irin wannan?" Akwai wanda zai ce duk mota mota ce tun kafin ya ɗaga bonet. Akwai wanda zai zagaya, ya leƙa, ya ce: "Alhaji, ban san ta ba. Gwada min littahin, ko mu kira wani a Sakkwato." Na biyun shi ne abin riƙewa, kuma ya kamata a biya shi fiye da kuɗin Golf, tun da an hana shi saurin da yake ci da shi. Ba adalci ba ne a tsare mutum awa guda kan mota ɗaya a ba shi ladan rubu'in awa.

Abin da ya rage wa masu juye kayan aiki ne, kuma ba masu yawa ba ne. Sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in an kai ƙarfin da aka saita, da kofunan kwance filta na Marsandi da BMW da Toyota, da ƙullin washa, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na juye biyu da man 229.5 ba. 'Ya'yan Gummi da Anka da Bukkuyum masu irin motocin nan sun fi ƙarfin su haɗa su sayo, su ajiye wurin makanike ɗaya da suka yarda da shi a kowane gari, su rubuta masa lambar mai da yawan lita da ƙarfin noti na kowace mota a kwali ya manna a bango, yaransa su tashi suna karantawa.